Giɗaɗo da Nana Asma'u: Gidan da Aure Mai Tsawo Ya Gina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da wuya a sami ɗalibi a ƙasar Hausa da bai taɓa jin sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba. Makarantun 'yan mata da Islamiyyu da ɗakunan kwanan ɗalibai da dama suna ɗauke da sunanta. Masu nazarin tarihin Daular Sakkwato kuma sun san Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma wazirinsa. Sai dai mun saba ambaton kowannensu shi kaɗai, ita a babin ilimin mata, shi a babin sarauta. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne, bayin Allah nan biyu miji da mata ne. Sun zauna tare fiye da shekara 40, kuma mafi yawan abin da muke yaba musu a yau a cikin wannan zaman aka yi shi.

Ra'ayin wannan shafi shi ne, ya kamata mu koyi tuna su tare, mu kuma koyi tuna duk ma'auratan da suka tsufa tare a gidajenmu. Muna cikin zamanin da ake ɗaura aure da yawa ake kuma warware shi da yawa. Matashi yana jin wa'azin falalar aure, yana ganin bikinsa a waya, amma ba kasafai ake nuna masa yadda aure yake bayan shekara talatin ko arba'in ba, balle a bayyana masa abin da ya riƙe shi. Tarihin gidan Giɗaɗo yana da amsa a kan wannan: aure yakan daɗe, ya kuma yi albarka, idan miji da mata suka haɗu a kan wani aiki na Allah da ya fi su girma, kowa yana tallafar ɗan'uwansa a kai.

Auren da aka ɗaura a cikin ƙurar hijira

An haifi Asma'u a Ɗegel a shekarar 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Mai karatu ya san abin da ya biyo baya: nasarar Tafkin Kwatto, sannan musibar Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, ga yunwa, ga cuta, ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. A cikin waɗannan shekaru, kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka ɗaura aurenta da Usmanu ɗan Laima, wanda aka fi sani da Giɗaɗo, laƙabin Fulatanci mai nufin abin ƙauna.

A ranar da aka ɗaura wannan aure ba a gina ganuwar Sakkwato ba, kuma ango ba shi da rawanin waziri. Almajirin Shehu ne, abokin Bello, mutumin da aka sani da karatu da riƙon amana. Babu wanda zai iya yi wa amarya alkawarin gida tsayayye, domin jama'ar gaba ɗaya ba ta san inda za ta yi damina mai zuwa ba. Jarin da suka fara da shi addini ne da hali, kuma shi ne jarin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarci waliyyai su duba idan mai neman aure ya zo.

Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya rasu a can a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. Tun kafin nan ma an aike shi Borno da wasiƙu lokacin muhawarar da aka yi tsakanin Sakkwato da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi. Da ya zama waziri sai nauyin ya ninku: rubuta wasiƙu da karɓarsu, kula da lamurran masarautun gabas irin su Kano da Zazzau, tarbar manzanni da saukar da baƙi. Baturen Birtaniya Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, a hannun Giɗaɗo ya sauka, ya kuma ga masallacin da waziri ke ginawa a birnin. Unguwar da gidan yake har yau Giɗaɗawa ake kiranta.

A yi tunanin irin wannan gida: babban gida mai yawan iyali, zaure ba ya rabuwa da baƙo, maigida yau yana gari gobe yana kan hanya. Matar irin wannan gida, hidima kaɗai ta isa ta cinye mata rana da dare, kuma da Asma'u ta ajiye alƙalami babu wanda zai zarge ta. Amma a cikin gidan nan ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci a 1820. A cikinsa ta mayar da Tabbat Haƙiƙa, waƙar mahaifinta, daga Fulatanci zuwa Hausa a 1831. A cikinsa ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe domin sauƙaƙa wa masu koyo, ta kuma yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Abin da ya iso mu na rubutunta, da Larabci da Fulatanci da Hausa, ya kai kimanin 60.

Daga wannan gida kuma tsarin 'Yan Taru ya fita. Asma'u takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga wani gari, ta karantar da ita, ta ɗora mata malfa, a kira ta jaji. Jaji takan jagoranci matan ƙauyuka su zo wurin Asma'u su ɗauki karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba: tsarki da salla, tauhidi, tarihin Annabi, kyautata wa maƙwabci da barin bori. Wannan na nufin mata daga nesa suna shiga gidan waziri suna fita, ana ba su masauki, ana ciyar da su. Ba a yin haka shekara da shekaru a gidan mutum sai da yardarsa da dukiyarsa da goyon bayansa. Duk wanda ya yaba wa 'Yan Taru, ya sani ko bai sani ba, ya yaba wa mijin da ya buɗe ƙofarsa.

Giɗaɗo bai ƙirƙiri wannan hali daga kansa ba. Surukinsa kuma malaminsa, Shehu Usmanu, ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke tara almajirai a waje suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Mutane da yawa sun karanta wannan suka. Giɗaɗo yana cikin waɗanda suka mayar da ita aiki a cikin gidajensu.

Baƙin ciki ɗaya, aiki ɗaya

A 1837 Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno. Ga Asma'u, yayanta ne kuma abokin karatunta. Ga Giɗaɗo, amininsa ne tun ƙuruciya kuma shugaban da ya yi wa hidima shekara 20. Rashi ɗaya ya faɗo wa mutum biyu a gida ɗaya. Irin wannan girgiza takan raba wasu ma'aurata, kowa ya shige cikin damuwarsa ya rufe ƙofa. Su kuwa sai suka juya ta zuwa aiki: adana tarihin mutanen da suka rayu da su kafin waɗanda suka gani da ido su ƙare.

Giɗaɗo ya rubuta Alkashfu wal Bayan a kan halayen Bello, kamar yadda ya rubuta Raulul Jinan a kan Shehu da jama'arsa. Asma'u ta yi wa Bello marsiyya, ta kuma tsara tarihin hijirar Shehu da yaƙe-yaƙensa a waƙe da Fulatanci, wadda daga baya ƙanenta Isa ya mayar Hausa, ita ce ake kira Waƙar Gewaye. Shi ya rubuta da Larabci domin malamai, ita ta rubuta da harsunan gida domin mata da talakawa waɗanda ke ɗaukar ilimi ta kunne. Da ɗayansu ne kaɗai ya yi aikin, da rabin al'umma ne kawai zai amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da Allah ya karɓi ran Giɗaɗo a tsakiyar ƙarni na 19, Asma'u ta yi masa marsiyya da Fulatanci. Abin lura a cikinta shi ne irin abubuwan da ta zaɓa ta tuna. Ta ambaci karamcinsa ga baƙo, kulawarsa da masallaci, hidimarsa ga iyalan Shehu da amanarsa ga Bello, sannan ta roƙa masa gafara. Matar da ta zauna da mutum shekara 40 ta san abin da mutanen fada ba su sani ba. Shaidarta ta fi ta maroƙa nauyi, domin ita ta ga fushinsa da gajiyarsa da ranar da ba shi da lafiya. Ta rayu bayansa fiye da shekara goma tana ci gaba da karantarwa, ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

Ɗansu Abdulƙadir ya gaji sarautar waziri a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma sarautar ta zauna a zuriyar Giɗaɗo. Daga wannan gida Waziri Buhari ya fito, wanda ya riƙi ragamar jama'a lokacin da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903. Daga cikinsa kuma Waziri Junaidu ya fito, masanin da ya rasu a 1997, wanda taskar littattafansa ta taimaka ƙwarai wajen tattara rubuce-rubucen Asma'u da aka buga a littafi guda a wannan shekarar. Takardun da miji da mata suka rubuta a ɗakunansu, jikokinsu ne suka tsare su har suka iso hannunmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Inda suka samo shi

Wannan gida reshe ne, tushen yana Makka. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya auri Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, yana da shekara 25, suka zauna kimanin shekara 25, bai yi mata kishiya ba har ta koma ga Allah. Ita ta haifa masa dukkan 'ya'yansa in ban da Ibrahim. Ranar da ya sauko daga kogon Hira jikinsa na rawa, wurinta ya nufa. Ta lulluɓe shi, ta kwantar masa da hankali da lissafa halayen da ta san shi da su: sada zumunci, ɗaukar nauyin mai rauni, girmama baƙo da taimako a kan gaskiya. Sannan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙatu bn Naufal. Ita ce farkon wadda ta yi imani da shi. Da Ƙuraishawa suka ƙaurace wa Banu Hashim kimanin shekara uku, attajirar Makka ta shiga cikin ƙuncin tare da mijinta. Ba a daɗe da fita ba ta rasu, a shekara ta goma da aiko shi, shekarar da ake kira ta baƙin ciki.

Yadda ya tuna ta bayan rasuwarta shi ne darasin da ya fi shafar maganarmu. Ya tabbata a hadisi cewa yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Khadija da naman. Ya ji sallamar 'yar'uwarta Halatu, sai muryar ta tuna masa da ita. Bayan yaƙin Badar, 'yarsa Zainab ta aiko da abin wuya domin fansar mijinta Abul Asi. Da ya ga abin wuyan Khadija ne wanda ta ba 'yarta lokacin aure, sai tausayi ya kama shi, ya nemi sahabbai su saki fursunan su mayar mata da kayanta. Nana A'isha da kanta ta ba da labarin cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba su yi zama tare ba, saboda yawan ambatonta da yake yi.

Wannan yana nuna cewa tuna abokin zama da alheri, da bayyana shi a gaban mutane, da kyautata wa danginsa da abokansa bayan ya tafi, duk sunna ce. Kunya ta Hausa abin yabo ce, amma bai kamata ta hana dattijo faɗa wa 'ya'yansa alherin mahaifiyarsu ba, ko ta hana tsohuwa gaya wa jikokinta irin mutumin da kakansu yake. Alƙur'ani, a aya ta 21 ta Suratur Rum, ya lissafa natsuwa da ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'aurata cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Ayar Allah kuwa ana son a dube ta a yi tunani a kanta. Tsofaffi biyu da suka shekara hamsin suna tashin juna sallar asuba suna cikin wannan aya.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce: waɗannan manya ne, 'yar Shehu da waziri, ina ruwan mai facin taya ko malamar firamare da labarinsu? Amsa ita ce, ba sarauta ce ta riƙe aurensu ba, domin sun fara shi tun babu ita, kuma gidajen mulki da dukiya da yawa sun watse. Abin da ya riƙe shi yana hannun kowa: girmama baiwar da Allah ya yi wa abokin zama, da samun aikin alheri da za a yi tare. Ga wasu, aikin shi ne su ga 'ya'yansu sun sauke Alƙur'ani. Ga wasu, riƙon marayan dangi ne, ko jinyar tsofaffin iyaye, ko 'yar makarantar allo a zaure, ko tanadin kujerar Hajji ta hanyar halal, kwabo bisa kwabo. Miji da matar da ba su da abin da suke ginawa tare sai lissafin cefane, ƙaramar iska takan kaɗa su.

Wani kuma zai ce: ba kowane dogon aure ne abin koyi ba. Wannan gaskiya ne, kuma wajibi ne a faɗe ta. Akwai matan da suka shekara talatin cikin duka da yunwa da wulaƙanci, duk sanda suka kai kuka gida a ce su koma su yi haƙuri. Wannan ba shi ne haƙurin da shari'a ta yaba ba. Allah ya halatta saki, ya halatta hul'i, ya kuma ba alƙali ikon raba auren da ya zama cuta. Suratul Baƙara ta sanya zaɓi biyu ne kawai a gaban miji, riƙo da alheri ko rabuwa da kyautatawa, babu na uku. Ba yawan shekaru muke yabo ba, abin da aka zuba a cikinsu muke yabo. Haƙurin da ke gina gida na mutum biyu ne. Idan kullum kafaɗa ɗaya ce ke ɗauke da shi, sunansa zalunci.

Amma tsakanin auren zalunci da auren da babu saɓani a cikinsa, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, akwai fili mai faɗi, kuma a nan mafi yawan gidajenmu suke. Zo mu zauna, zo mu saɓa. A wannan fili ne ake asarar aure a kan abin da bai kai ya kawo ba: kalma ɗaya a lokacin fushi, saƙon waya, zugar ƙawa ko ta aboki, bashin biki da aka ci domin a burge mutane. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta umarci maza da kyakkyawan zama, ta kuma tunatar da su cewa abin da suka ƙi zai yiwu Allah ya sanya alheri mai yawa a cikinsa. Wanda ya yi saki a shekara ta biyu ba zai taɓa sanin abin da shekara ta ashirin ta tanadar masa ba.

Abin da ke kanmu

Hukumomi sun yi ƙoƙari a fannin ɗaura aure. Tun 2012 Hukumar Hisba ta Kano take shirya auren zawarawa, kuma a watan Oktoba na 2023 an ɗaura wa ma'aurata 1,800 aure a ƙarƙashin wannan shiri. Aiki ne mai kyau. Sai dai gado da katifa da sadaki suna kai amarya ɗaki ne kawai. Abin da zai zaunar da ita a ɗakin, a gida ake koyonsa, kuma kowa yana da rabonsa na aikin.

Ga magidanta: da yawa daga cikinmu mun yi wa surukai alkawari kafin aure cewa yarinya za ta ci gaba da karatu, boko ko Islamiyya, sannan da aka tare muka shiga kawo dalilai. Alkawarin da aka halatta aure a kansa yana cikin mafi cancantar alkawuran da za a cika, kamar yadda hadisi ya nuna. Mai jin cewa ilimin matarsa zai rage masa girma, ya dubi Giɗaɗo. Wazirin daula ne guda, kuma ɗaukakar matarsa ba ta rage shi da komai ba, sai ma ta tsare sunan gidansa har bayan shekara 150.

Ga uwayen gida: Asma'u ba ta jira hidima ta ƙare kafin ta karantar ba, domin hidima ba ta ƙarewa. Wadda ta iya Fatiha da kyau tana da abin da za ta koya wa maƙwabciyarta. Wadda ta karanta Ahalari ko Iziyya tana da ajin da ke jiranta a tsakar gida. Kuma kamar yadda Nana Khadija ta san halayen mijinta na kirki har ta lissafa masa su a ranar da ya fi bukatar jinsu, haka ya kamata mace ta san alherin mijinta ta kuma faɗa masa, shi ma ya yi mata haka. Bakin da ya saba da godiya yakan yi nauyi wajen furta kalmar rabuwa.

Ga iyaye da dangi: aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara hanyar sulhu, mai sasantawa ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Farkon Suratuɗ Ɗalaƙi kuma ya hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a lokacin idda, ya hana ta fita, ko Allah zai kawo wani al'amari a tsakani. Mu kuwa mun mayar da al'ada cewa da an miƙa takarda sai a kira mota a kwashe kaya. Aure nawa ne da zai tsira da an bi wannan hukunci guda ɗaya? Kuma idan za a zaɓi mai sulhu, a nemi wanda ya riƙe nasa gidan shekara da shekaru. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ga limamai da malaman Islamiyyu: babin nikahi a Risala yana koyar da sharuɗɗan ɗaura aure, waliyyi da sadaki da shaidu, kuma dole ne a san su. A haɗa da sira, a karanta wa ɗalibai zaman Annabi da iyalinsa dalla-dalla, da tarihin gidajen malaman ƙasar nan. Idan dattijo ya rasu a unguwa ya bar matar da suka yi shekara hamsin tare, a wurin ta'aziyya mukan ambaci sana'arsa da yawan 'ya'yansa. A ambaci wannan zaman ma, domin samarin da ke zaune a bakin tabarma su ji cewa abu ne mai yiwuwa, kuma abin girmamawa.

Ga ɗalibai kuwa, aikinku ya fi na kowa gaggawa. A gidajenku akwai kakanni da suka ga fari da yunwa, suka binne 'ya'ya, suka yi arziki suka rasa, kuma har yanzu suna tare, ko ɗaya ya tafi ya bar ɗaya da labarin. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku tambaye su cikin ladabi: yaya aka yi auren? Wace shekara ce ta fi tsanani, kuma me ya fitar da ku? Wa yake ba da haƙuri idan an saɓa? Wace addu'a kuka riƙe? Ku rubuta, ko ku ɗauki muryarsu a waya da izininsu, ku adana wa ƙannenku. Giɗaɗo da Asma'u sun yi wa magabatansu wannan hidima, shi ya sa muke da abin faɗa a yau. Tsohon da aka binne da labarinsa ba a tambaye shi ba, asarar ta masu rai ce.

Muminai ba sa kallon aure a matsayin zaman da kabari ke yankewa. Alƙur'ani ya yi bushara a Suratur Ra'adi da Suratuɗ Ɗur cewa Allah zai haɗa mutanen kirki da iyayensu da matansu da zuriyarsu a gidan Aljanna. Wanda ke fatan zama na har abada da abokin zamansa, ya dace ya fara gyara zaman tun daga nan.

Allah ya jiƙan Waziri Giɗaɗo da Nana Asma'u, ya jiƙan iyayenmu da kakanninmu da suka riƙe amanar juna har ƙarshe. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da haƙuri, ya sa mu amfana da su kafin su tafi. Masu sabon aure Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, gidajen da ke tangal-tangal Allah ya daidaita su. Allah ya sa mu dace, amin.